Tambayoyi da amsoshi a kan ayisin da ke auna sauran wuta a batirin litiyam mara caji

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min a kan batiran litiyam da ba a cajinsu, da ƴan ƙananan ayisi (IC, wato guntun silikon nan mai ƙafafu da ke kan fanel ɗin na'ura) da ake ƙerawa takanas don su faɗi wutar da ta rage a ciki. Wasu daga bakin masu gyaran waya suka fito, wasu ɗaliban lantarki, wasu kuma masu saka tiraka a motoci.

Malam wai dama akwai batirin litiyam da ba a cajinsa? Ni na waya kawai na sani.

Akwai kam, in kana da makullin mota mai rimot to ɗaya na aljihunka yanzu haka. Wannan mai kama da kwabo da aka rubuta masa CR2032, bolt 3 ne, yana ɗauke da wajen 220mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), shi ne kuma a fanel ɗin kwamfuta yake riƙe mata lokaci in an kashe ta. Haɗinsa litiyam da manganis ne, a takarda zaka ga an sa Li-MnO2.

Amma wanda ya fi ba injiniyoyi ciwon kai shi ne mai rubutun Li-SOCl2, litiyam tayonil kulorayid, bolt 3.6. ER14505 girmansa ɗaya da ƙaramin batirin rimot ɗin talabijin amma yana ɗaukar 2400 zuwa 2700mAh, babbansa ER34615 ya kai 19Ah, wato 19,000mAh. Saft na Faransa, Tadiran na Isra'ila da EVE na Chaina duk suna yinsa. Shi ake sakawa a mitar ruwa da mitar gas da sansar da ake binnewa a jikin bututu, wuraren da ake so a rufe na'ura a manta da ita shekara 10 ko fiye, don abin da yake zubarwa da kansa a ajiye bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 a shekara ba in ɗaki ba zafi, kuma yana aiki daga digiri 55 ƙasa da sifili har 85. Don Allah kar wanda ya gwada jona shi a caja, fashewa yake yi kuma hayaƙinsa guba ne.

To ba sai in ɗora mitar awon lantarki in ga bolt nawa ya rage ba, meye na wani ayisi?

Nan fa gizo ke saƙar. A batirin mota ko na tocila wannan dabarar tana ɗan aiki, don bolt ɗin na sauka a hankali yadda wutar ke raguwa. Shi kuwa Li-SOCl2 ba haka halinsa yake ba. Ka ɗora masa mita yana sabo zaka ga 3.6 da ɗoriya, ka dawo bayan ya yi rabi ka ga 3.6, ya kusa ƙarewa ma kusan nan yake tsaye, sai dab da ƙarshe ya rikito lokaci ɗaya. Wato mai kallon bolt kaɗai kallon kitse yake wa rogo.

Ni da idona na ajiye guda biyu a kan tebur, ɗaya daga kwali na ciro shi, ɗayan kuma daga wata na'ura da ta yi shekaru tana aiki, na ɗora musu mita ɗaya bayan ɗaya, wallahi in da na juya baya aka sauya musu wuri da ba zan bambance ba, lambar ƙarshe ce kawai ke ɗan rawa a fuskar mitar. Kuma wannan ɗan bambancin zafin ɗaki kaɗai ya isa ya kawo shi ko ya shafe shi.

Na kwabon nan ya fi sauƙin kai, bolt ɗinsa na ɗan gangarowa daga 3 zuwa 2, amma shi ma sai ka auna shi yana ɗauke da kaya. Shi ya sa zaka ga mutum ya auna batirin rimot ya ga 2.9 yace ai lafiyarsa ƙalau, alhali da an danna maɓalli wutar ke durƙushewa.

Amma wayata tana nuna min saura kashi 47, me zai hana a ɗauko irin ayisinta?

Abu biyu. Na farko batirin waya kullum ana cika shi, duk ranar da ya kai 100 ayisin ya samu damar gyara lissafinsa, kuskuren jiya ya goge. Batirin da ba a caji sau ɗaya yake rayuwa, daga cike zuwa ƙarewa, kuskuren da aka yi a watan farko yana nan ana ta ɗora masa har shekara ta goma. Na biyu ayisin waya ba ya jin komai in ya sha maikro'amfa gommai (amfa ma'aunin jan wuta ne, maikro'amfa kuma kashi ɗaya cikin miliyan na amfa), gobe za a yi caji. A nan kuwa wannan shan kaɗai ya isa ya kashe batirin tun kafin lokacinsa.

To ta yaya ayisin yake sanin abin da ya rage?

Ka ɗauka buhun gero ne aka ɗinke bakinsa, ba ka ganin ciki, ba ka iya ɗaga shi ka ji nauyi, abin da ka sani kawai kwano nawa aka zuba ranar farko. Dabarar da ta rage maka ita ce duk kwanon da aka ɗiba ka rubuta. Haka ayisin ke yi, ƙirgen kulom ake ce masa, sunan wani Bafaranshe ne Charles-Augustin de Coulomb, kuma 1mAh daidai yake da kulom 3.6. Ana saka ɗan ƙaramin resista, wato abin da ke ɗan tare wa wuta hanya, a hanyar da wuta ke bi, ayisin ya auna ɗan bolt ɗin da ya faɗi a kansa, ya mayar da shi lamba, ya ninka da lokaci, ya yi ta tarawa yana cirewa daga jimillar farko.

Sai dai buhun nan akwai ƙwari a ciki suna ci ba ta bakin buhu ba, wato zubar da batirin ke yi da kansa, wannan ba ta bi ta resista balle a ƙirga ta. Sannan jimillar farkon ma ba tsayayya ba ce, 2400mAh ɗin da aka rubuta sai in a hankali ake ja, miliamfa ɗaya ko biyu, in ka matsa masa da ja mai ƙarfi ko sanyi ya yi yawa ba zai ba ka haka ba. Shi ya sa ayisi mai kyau ba ya dogara da ƙirge kaɗai, yana haɗawa da awon zafi da kuma awon turjiyar cikin batirin, wato yadda cikinsa ke tare wa wuta hanya, don in ya kusa mutuwa turjiyar nan hawa take yi tun kafin bolt ya nuna komai.

Ƙirgen ai kamar abu mai sauƙi ne, ina wahalar take?

Wahalar tana cikin tazarar da ke tsakanin barci da farkawa. Ɗauki mitar ruwa mai tura saƙo ta iska. Kusan duk yini barci take, tana shan kamar maikro'amfa 2, sai ta farka na ɗan daƙiƙa ta tura saƙo ta ja miliamfa 100, ninki dubu 50 kenan, in kuma mai layin waya ce irin GSM fizgar tana iya kaiwa amfa 2. To wane resista zaka saka? In ka sa ƙarami, om 0.1, lokacin barci abin da zai bayyana a kansa maikrobolt 0.2 ne, ƙasa da hayaniyar da ke cikin ayisin kansa. In ka sa babba, om 100, don ka ga wutar barci sosai, lokacin tura saƙo sai ya nemi bolt 10 a kansa, batirin kuma gaba ɗayansa 3.6 ne, na'urar ta mutu nan take.

Ga kuma karkatar ma'auni. Duk wani amfilifaya, wato sashen da ke ƙara girman ɗan bolt ɗin don a iya auna shi, yana da ɗan kuskuren da yake nunawa ko ba komai a bakinsa, kamar sikelin mai nama da allurarsa ba ta zauna daidai kan sifili ba. A ce kuskuren maikrobolt 1 ne tak, a kan om 0.1 ya zama maikro'amfa 10 na ƙarya, shekara 10 awa 87,600 ce, kaga an rubuta 876mAh da ba wanda ya sha, sama da kashi ɗaya cikin uku na ER14505. Ɗan hakin da ka raina kenan. Masu zane suna maganin wannan da juya ƙafafun awon akai-akai, a auna ta nan a juya a auna ta can, kuskuren ya cinye kansa, wasu kuma su sa resista biyu ko uku ayisin ya riƙa sauyawa gwargwadon jan da ake yi, amma sauyin dole ya fi ƙiftawar ido sauri in ba haka ba farkon fizgar ya wuce ba a ƙirga ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta wani ayisin kasuwa mai suna LTC3337. Maimakon ya tsaya auna ɗigo-ɗigo, sai ya zauna tsakanin batir da wata kafasita mai tara wuta na ɗan lokaci, in kafasitar ta yi ƙasa ya buɗe hanya da wuta tsayayya wadda aka riga aka zaɓa, tsakanin miliamfa 5 da 100, in ta cika ya rufe, abin da yake ƙirgawa kawai tsawon lokacin da ƙofar ta yi a buɗe. Kamar gidan da ba sa lissafin kofi nawa aka sha, jarkar ɗan ga-ruwa nawa ta shigo suke rubutawa. Ko na'ura ta sha a hankali ko ta kwankwaɗa, lissafin jarka ɗaya ne.

Shi ayisin ba ya shan wuta ne?

Yana sha, kuma a wajena wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce. Mai gadin da zai ci fiye da mai gida ai ba gadi ya zo ba. Maikro'amfa 1 in ya ɗore shekara 10 ya cinye 87.6mAh, a batirin kwabo ya haura kashi ɗaya cikin uku. Don haka ake zancen nano'amfa, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikro'amfa, LTC3337 ɗin nan wajen nano'amfa 100 yake sha a zaune, wanda a shekara 10 bai kai 9mAh ba.

Kafin a kai nan sai an tafiyar da taransistocin a yanayin da ko gama buɗewa ba su yi ba, ɗan tsiyayen da ke ratsa su shi ake aiki da shi, a sa agogo mai tafiyar hawainiya, a kashe duk sashen da ba a buƙata a wannan daƙiƙar. Kuma a irin wannan ƙanƙantar komai ya zama abokin gaba, yoyon taransista yana kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10, kai ko dattin dalma da ba a goge a kan fanel ba in ya haɗu da laima yana iya jan abin da ya fi na ayisin.

Na sayi batir sabo fil na saka, na'ura ta ƙi tashi. Jabu aka ba ni?

Ba lallai ba. Shi Li-SOCl2 in ya daɗe a ajiye wani siririn ɓawo na gishirin litiyam kulorayid yana rufe fuskar litiyam ɗin. Ɓawon nan alheri ne, shi ke hana batirin cinye kansa, shi ya sa yake shekaru. Amma in ka zo ka ja wuta da ƙarfi farat ɗaya sai ya tare hanya, bolt ya faɗi, sai bayan ɗan lokaci ya farfashe wuta ta dawo. Gwada ka gani: ɗora mita, ka jona resista om 200 a bakinsa, zaka ga lambar ta nutse ƙasa sannan ta fara hawowa a hankali kamar mai tashi daga barci.

Ga mai zana ayisi wannan babban tarko ne, don batirin da ya yi ɓawo da wanda ya kusa mutuwa duk turjiyarsu sama take. In ayisin ya yi gaggawar yanke hukunci sai ya sa a zubar da batir mai rai. Shi ya sa ba a kama awo ɗaya, ana duba yadda turjiyar ke tafiya cikin makonni da watanni, kuma a auna bayan an ɗan ja wuta ɓawon ya buɗe.

Zafin garinmu yana da tasiri?

Sosai ma. Alƙaluman da ke takardar kamfani galibi a digiri 20 zuwa 25 aka auna su. Akwatin ƙarfe da ke kafe a bango yana shan ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda inuwa ma ta haura 40, cikinsa ya wuce haka nesa. Zubar cikin batir kuma ƙa'idar da ake bi ita ce tana kusan ninkawa duk digiri 10, ɓawon ma ya fi kauri a zafi. Don haka ayisin da ba shi da sansar zafi, ko yana da ita amma ba ya tara tarihin zafin da batirin ya sha, lissafinsa a nan zai riƙa nuna saura da yawa alhali ƙwari sun yi ɓarna. In zaka sayi tiraka ko mita mai alƙawarin shekara 10, tambayi a wane zafi.

Akwai irin wannan ayisin a kasuwa ko sai an ƙera?

Akwai. Texas Instruments na da BQ35100, yana da salo uku: ƙirgen kulom, duba bolt don Li-MnO2, da bin turjiya don gano ƙarshen Li-SOCl2, kuma yana da ƙafar da uwar na'ura ke tashinsa da ita in ana buƙata, in ba haka ba yana kashe. LTC3337 da ɗan'uwansa LTC3335 na Analog Devices ne, layin Linear Technology da suka saya a 2017. Duk ta I2C, wata hanyar musayar bayanai ta wayoyi biyu, suke magana da maikurokwantirola, wato ƙwaƙwalwar na'urar.

To me zai sa kamfani ya ƙera nasa?

Yawa, ko wuri, ko wata buƙata da na kasuwa bai biya ba. Mai yin mita miliyoyi in ya cusa ma'aunin batir da agogo da sashen awon ruwa a ayisi ɗaya, ɗan abin da ya rage a kowace mita in an tara ya biya kuɗin zanen. Na'urar da ake dasawa a jikin mutum kuma ba ta da filin ayisi uku. Amma gaskiya in na'urarka dubu biyu ce ko biyar, kar ka soma, sayi na kasuwa, don kuɗin faranten buga ayisi da na gwaji da albashin masu zane na shekara ɗaya ko biyu ba za su dawo ba.

Su waye suka fara damuwa da wannan matsalar?

Likitocin zuciya da sojoji. Na'urar daidaita bugun zuciya ta koma batirin litiyam da aidin tun 1972, aikin da sunan Wilson Greatbatch na Amurka ya shahara a kai, kuma canza batirin nan tiyata ce, ba a so a yi da wuri ba a so a makara. Sa'ar da aka yi turjiyar wannan batirin tana hawa a hankali tsawon rayuwarsa, daga ita da bolt na'urar ke gane lokaci ya yi ta sanar da likita watanni kafin ƙarshe.

Sojojin Amurka kuma suna da BA-5590, batirin rediyonsu na litiyam da salfa dayoksayid (Li-SO2). Sojan da zai fita aiki ba zai yarda da batirin da bai san cikinsa ba, sai ya cire ya sa sabo, na jiya ya tafi shara da sauran wutarsa, kuma a yaƙin Iraƙi na 2003 sai da batirin ya yi ƙaranci. Irin wannan asarar ce ta sa aka fito da samfurin da ke da ƴan fitilu a jiki masu nuna abin da ya rage.

Ɗalibi zai iya koyon zana irin wannan?

Zai iya, yau ƙofar ta fi da buɗewa. Irin wannan ayisin ba ya buƙatar fasahar nanomita 3 ta wayoyin zamani, tsofaffin matakai irin na nanomita 180 da 130 sun ma fi dacewa, sun fi arha, yoyonsu kaɗan ne, kuma suna jure bolt 3.6. A 2020 SkyWater da Google suka saki bayanan matakin 130 kyauta, daga baya GlobalFoundries ta saki na 180, IHP ta Jamus ma ta saki nata. Manhajojin Xschem da ngspice da Magic da KLayout duk kyauta ne, manyan kamfanoni su ke biyan Cadence da Synopsys. Akwai kuma tsarin karo-karo inda mutane da yawa ke haɗa zanensu a faifan silikon ɗaya su raba kuɗi, irin na Europractice da Tiny Tapeout.

Shawarata fara da ƙaramin yanki, ka zana madogarar bolt, wato sashen da ke ba da tsayayyen bolt da ake awo da shi, mai shan nano'amfa, ka gwada ta a kwamfuta daga sanyi zuwa digiri 85, ka ga yadda take kaucewa. Wanda ya iya wannan ya kama hanya.

In ba ni da halin ayisi fa?

Yi ƙirgen a manhaja. Auna sau ɗaya a kan tebur nawa na'urarka ke sha a barci, nawa tura saƙo ɗaya ke ci, sai maikurokwantirola ya riƙa ƙirga saƙonni da awanni yana cirewa. Mutane da yawa haka suke yi kuma yana kai su. Rauninsa shi ne abin da ka zata yake ƙirgawa, ranar da laima ta shiga ko wata kafasita ta fara yoyo lissafinka na nan tsaf a takarda batir kuma ya tafi.

In aka canza batir ya ayisin zai sani?

Sai an gaya masa, ko a tsara shi ya gane. Ƙirgen yana ajiye ne a ma'adanar da ba ta gogewa in wuta ta yanke, to in ma'aikaci ya sa sabon batir bai mayar da lissafi farko ba, na'urar zata ci gaba da kukan batir ya ƙare. In kuma ka ce duk yankewar wuta a ɗauka sabo ne, ranar da mota ta faɗa rami batir ya ɗan motsa a gurbinsa, ko wani ya cire tsohon ya mayar, sai ayisin ya koma 100 a kan batirin da ya kusa mutuwa, wannan kuwa ya fi na farko muni. Wasu suna sa maɓalli a ciki da mai gyara zai danna, wasu umarni ake turawa daga nesa. Inda abin ke da muhimmanci sosai ana manna ayisin ne a jikin fakitin batirin tun daga masana'anta, su fito tare a yar da su tare, yadda aka yi wa na sojojin nan.